Helebo, fulawar da take fure cikin sanyi: yadda ake rainonta da abin yi in ta yi sammako

Wajen tsakiyar Disamba ne ƙanwata da take aure a Leeds ta Ingila ta turo min hoto a WhatsApp da sassafe, ina zaune a tsakar gida nan Fadaman Mada a Bauchi na ƙudundune cikin bargo ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Hoton wata fulawa ce a gindin katangar bayan gidan da suke haya, ja mai duhu kamar an tsoma ta a zoɓo, kanta a sunkuye. Ta rubuta min wai "Yaya dan Allah duba min, abin nan da ka ce sai Fabrairu zai yi fure gashi ya buɗe tun yanzu, ko wani ciwo ne ya kama shi?" Nayi dariya ni kaɗai, na ce mata lafiyarsa ƙalau, sanyin ne bai yi tsanani ba bana shi yasa ya yi sammako. To daga nan tambayoyi suka ɓarke, ita da wata maƙwabciyarta 'yar Gombe, yau a tambayi ruwa gobe a tambayi taki, har na ga gara in zauna in rubuta komai a wuri ɗaya kowa ya huta.

Ni ma a yankin na zauna shekara huɗu lokacin karatu, kuma Asabar da Lahadi ina zuwa wani gidan rainon fulawa ina ɗaukar tukwane ana bani na cefane, a can na san wannan shukar hannu da hannu. A shago zaka ga an rubuta Hellebore ko Helleborus a jikin tukunyar, ni dai helebo nake ce mata. Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa wa mutanenmu na nan gida: wannan shukar ƙasar sanyi ce, asalinta Turai da yammacin Asiya, mafi yawan ire-irenta a duwatsun yankin Balkan suke, akwai ɗaya ma can yammacin Sin. A Bauchi ko Gombe bata zama, na gwada, zan bada labarin a ƙasa da kuma abin da ya fi dacewa da mu. Amma masu 'yan uwa a Ingila ko Jamus ko Amurka da Kanada, da ɗalibanmu da suke can suna kallon ɗan filin bayan gida babu komai sai ciyawa, wannan naku ne.

Da farko ka san wacce ka saya

Ire-irenta sun kai wajen 20, amma a kasuwa huɗu zaka fi gani, kuma sanin wacce ce a hannunka shi ne rabin aikin domin ba iri ɗaya ake musu aski ba.

Akwai Helleborus niger, mai farin fure tas, ita ce Turawa suke kira furen Kirsimeti duk da sau da yawa sai Janairu take buɗewa. Sunan nan niger ba ruwansa da ƙasar Nijar fa, baƙi yake nufi a Latin, saboda saiwarta baƙa ce. Tana da kyau amma tana da tsirfa, ba ko'ina take yarda ta zauna ba. Sai Helleborus orientalis da 'ya'yanta na haɗin aure da ake rubuta wa hybridus, asalinta Girka da Turkiyya da yankin Kokesos, ita ce take fure daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin azumin Kiristoci na kafin Ista, launi kuwa ba irin wanda babu, fari, ruwan hoda, ruwan ƙwai, ja mai duhu har da wanda ya kusa zama baƙi, wasu da ɗigo-ɗigo kamar zabuwa. Wannan ita ce ta ƙanwata, kuma ita nake ba sabon shiga shawara ya fara da ita don bata da raki. Sauran biyun su ne foetidus, mai siraran ganye da ƙananan koren fure, in ka murza ganyen yana wari, da argutifolius ta tsibiran Kosika da Sadiniya mai ganye da baki kamar zarto.

Bambancin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: niger da hybridus furensu da ganyensu kowanne daga ƙasa yake fitowa da sandarsa daban. Foetidus da argutifolius kuwa kara suke yi mai tsawo, ganye a jikinsa, furen kuma a can samansa. Ka ajiye wannan a ranka, zamu dawo kansa.

Wani abu kuma, abin da kake gani kamar fure mai kunne biyar ba shi ne ainihin furen ba, rigar da take rufe furen ce ta girma ta yi launi. Ainihin kunnuwan furen sun koma 'yan ƙananan bututu a tsakiya masu riƙe ruwan zaƙi don ƙudan zuma. Shi yasa bata kakkaɓewa cikin kwana uku kamar sauran fulawa, sai ta yi wata biyu ko fiye a tsaye, launin yana dusashewa a hankali yana komawa kore.

Kuma guba ce. Saiwa, ganye, fure, iri, duka. Tana da sinadarin da yake taɓa bugun zuciya in an ci, ruwanta kuma yana sa ƙaiƙayi da ƙuna a fata, ni kaina wata rana na tsinci irinta ba safar hannu, yatsuna suka yi kwana biyu suna zugi kamar na yanka attaruhu. In akwai yara masu rarrafe a gidan ka dasa ta inda basa zuwa, kuma kar ka kuskura wani ya ce maka ai magani ce a jiƙa a sha.

Wurin da zaka dasa

Anan ne mutane suka fi yin kuskure, suna jin an ce fulawar inuwa ce sai su cusa ta a lungu mai duhu inda rana bata leƙawa sam. Zata rayu amma furen kaɗan zaka gani. Abin da take so shi ne inuwa lokacin zafinsu, wato Yuni zuwa Agusta, da haske lokacin sanyi. Wurin da ya fi ba da haka shi ne ƙarƙashin bishiyar da take zubar da ganye in sanyi ya shigo. Duk wanda ya taɓa noma a ƙarƙashin gawo ya gane maganar nan ba sai an yi dogon bayani ba, gawo yana kaɗe ganyensa da damina gero ya samu rana a gindinsa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. To haka bishiyoyinsu suke yi wa helebo, lokacin ne kawai ya bambanta.

In babu bishiya, gefen katangar da take samun ranar safe ta rasa ta la'asar ya isa. Ka guji wurin da iska mai sanyi take ratsawa kamar rariya tsakanin gida da gida, tana ƙona ganye. Ka guji kuma kwari inda ruwa yake kwanciya. Gwajin mai sauƙi ne, ka haƙa rami kamar zurfin bokiti ka cika shi da ruwa da safe, in ka dawo da yamma ka tarar da ruwan yana nan to wurin bai yi ba sai an gyara, ko dai ka tada kunya ka dasa a kanta ko ka nemi wani wurin. Ƙasar yankin Yokshaya, inda Leeds take, da yawa laka ce mai riƙe ruwa, helebo tana iya zama a laka in dai ba tabo ta zama ba.

Ƙasa da yadda ake dasawa

Lokacin dashe daga Satumba ne har zuwa Maris ko Afrilu, muddin ƙasa bata daskare ba. Ni na fi son mutum ya saya lokacin da take cikin fure, saboda hybridus da aka tsiro daga iri kowacce da kalarta, hoton jikin takarda ba alkawari ba ne, gara ka ga abinka da idonka.

Ka haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar, zurfi kuma kamar santimita 40, don saiwarta ƙasa take nutsawa sosai. Ka cakuɗa ƙasar da ka fitar da ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai ya daina wari da zafi, kamar bokiti ɗaya ga kowane rami. Ɗanyen kashin dabbobi ba ya cikin lissafi, ƙona saiwa yake. Ta fi son ƙasar da bata da tsami, wadda take da ɗan alli-alli a ciki, don haka in an ce maka ƙasar unguwarku mai tsami ce sai ka barbaɗa ɗan garin farar ƙasa na lambu da ake sayarwa, musamman in niger ce.

Kafin ka cire ta daga tukunya ka tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa har kumfa ya daina tasowa. Ka juye ta a tafin hannu, in saiwar ta nannaɗe kamar gammo sai ka ɗan warware ta da yatsa a hankali. Yanzu ga inda nake so a kula: wuyan shukar, wato inda saiwa ta haɗu da sandunan ganye, ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko ya nutse da kamar santimita 2 kawai. In ka binne wuyan da zurfi zata yi ta baka ganye shekara da shekaru ba fure, kai kuma kana ta zargin mai shago. A wurin aikinmu mutane sun sha dawowa da ƙorafin nan, maigidan sai ya ce su je su ɗan tone gindin su gani, kusan kullum maganar ɗaya ce. Tsakanin shuka da shuka ka bar santimita 45 zuwa 60, yanzu zaka ga kamar fili ya yi yawa amma cikin shekara uku zasu haɗe. Ka danne ƙasar da hannu, ba da ƙafa ba, ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya.

Mai gidan haya da baya son ya bar wa mai gida kayansa zai iya sa ta a tukunya, amma mai zurfi, aƙalla santimita 35 zuwa 40, mai huji a ƙasa, a ɗora ta kan bulo ko 'yan duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita. Bayan shekara biyu ko uku sai an canza mata babba.

Ruwa da taki

Wannan ba wani dogon zance. Shekarar farko kar ka bari ta bushe, musamman Yuni zuwa Agusta, in sati ya wuce ba ruwan sama ka bata bokiti guda a gindi. In ta kafu tana jure ɗan fari. Taki sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya kauri kamar yatsu uku a kewaye da ita wajen Oktoba, amma ka bar wuyan a buɗe kar ka tula masa, sannan ɗan takin zamani kaɗan bayan ta gama fure. Ta tukunya ta fi bukatar ci da sha saboda bata da inda zata miƙa saiwa.

Askin ganye

Wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, in ka buɗa tsakiyar hybridus da hannu zaka ga ƙullin fure sun fara turo kai daga ƙasa, masu ƙiba, a lanƙwashe kamar ƙugiya. A lokacin tsofaffin ganyen bara sun kwanta sun yi dabbare-dabbare. Ka sa safar hannu, ka ɗauki almakashin lambu mai kaifi, ka bi kowace sandar ganye har gindi ka yanke, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon inda bakin almakashin yake don kar ka haɗa da ƙullin fure. Amfanin biyu ne, furen zai fito fili a gan shi, kuma cutar da ta kwana a tsohon ganye bata samu ta haye kan sabo ba. Ganyen da ka yanke in yana da baƙin tabo ka zuba a shara, kar ka sa shi cikin takin da kake tarawa.

Amma foetidus da argutifolius kar ka taɓa su a wannan lokacin. Furensu a saman karan nan yake, in ka sare shi ka sare furen shekara guda kenan. Su sai sun gama fure wajen Mayu, ka ga sabbin kara sun taso daga ƙasa, sannan ka cire tsohon daga gindi. Niger kuma ganyen da ya lalace kawai ake cire mata.

In ta yi sammako

To ga maganar da ta kawo mu. Helebo bata san kalanda ba. Ƙullin furenta tun ƙarshen zafi zuwa kaka take haɗa su ta ɓoye a wuyanta, suna nan a shirye suna jira. In sanyin Oktoba da Nuwamba ya taɓa ta sai ta farka, daga nan kuma saurin tasowar furen ya danganta ga ɗumin ƙasa. Shekarar da ƙasa ta daskare a Disamba komai sai ya tsaya cak har Fabrairu. Shekarar da sanyin ya zo da sauƙi, rana tana kai digiri 10 ko 12 dare kuma baya sauka ƙasa da sifili, ba abin da zai riƙe ta, sai ta taso sati uku ko wata guda ko fiye kafin lokacin da aka saba. Mu nan ma ai mun san irin wannan a mangwaro, sanyin daren hunturu ne yake tayar masa da fure, shekarar da jaura ta kankama da wuri zaka ga bishiyoyi sun yi fari da fure tun Disamba, shekarar da hunturun ya yi lami kuma furen ya zo a rarrabe.

Wanda na gani da idona shi ne Disambar 2015. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta ce tunda aka fara rubutawa ba a taɓa yin Disamba mai ɗumi kamarta ba, matsakaicin zafin ƙasar ya kai digiri 7.9, kusan digiri 4 sama da yadda aka saba, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya har kogin Aire ya yi ambaliya a cikin Leeds ranar 26 ga watan. A wurin aikinmu tukwanen da aka tanada don kasuwar Fabrairu duk suka buɗe kafin Kirsimeti, maigidan yana ta zagaye yana dafe kai don masu saye basu fara zuwa ba kaya sun nuna.

Shi sammakon kansa ba ya cutar da shukar. Abin da ake tsoro shi ne abin da zai biyo baya, domin sanyin da ya yi lattin zuwa yana nan tafe, sai ya tarar da fure a buɗe. Ga yadda zaka yi.

Ka matso da askin ganyen, kar ka jira Janairu, da ka ga ƙullin sun kai tsawon yatsa ka yi shi, in ka bari suka yi tsawo suka shiga cikin ganye yankan zai yi wuya. Amma in hasashen yanayi ya nuna sanyi mai tsanani na nan cikin satin, ka dakata ya wuce tukuna, tsohon ganyen bargo ne a gare su.

Kar ka ga fure ka ɗauka tana jin yunwa ka zuba mata takin zamani. Zai sa ta fitar da sabon toho mai laushi wanda sanyi zai dafa shi dare ɗaya.

Ka riƙa duba hasashen yanayi a waya kullum da yamma. Sanyi na digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili ba komai ba ne a wurinta. Da safe zaka fito ka tarar duk sandunan furen sun kwanta a ƙasa shame-shame kamar an watsa musu tafasasshen ruwa, ranar da ƙanwata ta fara ganin haka kira ta yi ba saƙo ba, muryarta har rawa take wai "Yaya ta mutu". Na ce ki shiga ɗaki ki sha shayi ki fito da azahar. Da azahar ta turo hoto gasu a tsaye kamar ba su ba. Dabarar shukar ce, tana janye ruwa daga cikin ƙwayoyin jikinta don kar ƙanƙara ta fasa su, in gari ya ɗan yi ɗumi ta mayar. Abin da ba a so shi ne ka taɓa su ko ka ɗaga su suna daskare, karyewa suke, kuma kar ka zuba musu ruwan ɗumi da sunan taimako.

In kuwa aka ce sanyin zai kai digiri 8 ko 10 ƙasa da sifili, ballantana da busasshiyar iska kuma babu dusar ƙanƙara da zata lulluɓe su, to ka rufe su da magariba. Akwai farin mayafin lambu mara nauyi da ake sayarwa don haka, in babu tsohon zanin gado ko kwali ko babban bokiti a kife ya yi, ka danne da dutse. Leda kam a'a, in ta taɓa furen sanyin ratsawa yake kuma tana tara gumi. Da hantsi ka buɗe su sha iska. Ta tukunya ita ta fi shiga haɗari don saiwarta a sama take, ka jawo ta jikin bangon gida ka naɗe tukunyar da buhu ko tsohon bargo. Kar dai ka shigar da ita falo inda hita take aiki, kwana kaɗan zata yi laushi ta zube.

Ko da furen farko ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ka yanke shi kawai, yawanci akwai wasu ƙullin a ƙasa da basu taso ba, kuma shukar kanta tana nan da ranta.

Ni a ganina ma ba sanyin ne babban abokin gaba a irin wannan shekarar ba, danshi ne. Sanyi mai sauƙi a can kusan kullum da ruwa yake zuwa, kuma ɗumi da danshi su ne abincin cuta. Zaka ga baƙin tabo mai zagaye a ganye har kan fure, wannan naman gwari ne, maganinsa cire duk abin da ya kamu da barin iska ta ratsa. Zaka ga wata furfura mai toka-toka a gindin sanda tana ruɓar da ita, ita ma a cire. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, da sanyi ya kamata ya kashe sai ta rayu, ka ɗaga furen ka leƙa cikinsa da bayan ganye zaka same su kore-kore sun taru, ka murje su da safar hannu ko ka fesa ruwan sabulu mai sauƙi. Dodon koɗi da ɗan uwansa marar ɓawo suma basa barci in ba sanyi, suna huda ƙullin tun yana ƙasa, ka fita da tocila bayan isha'i ka tsince su.

Akwai cutar da bata da magani, Turawa suna ce mata baƙar mutuwa. Ƙwayar bairos ce, kuma darɓar nan ake zargi da yaɗa ta. Alamarta baƙin zane ne da yake bin jijiyoyin ganye kamar an ja da biro, sabon toho ya fito a murɗe a tsumbure. In ka ga haka ba lallashi, ka tone ta da saiwarta ka sa a leda ka jefa a shara, ka wanke almakashinka.

In kana son ka more furen da ya zo da wuri kafin sanyi ya lalata shi, ka sani in ka yanko da sanda ka sa a kwalba yakan yi laushi cikin awoyi. Abin da ake yi shi ne a tsinko kan furen da ɗan guntun sanda, a zuba ruwa a faranti mai zurfi a jera su suna iyo fuska sama, a nan ne ma zaka ga zanen cikin da kullum yake kallon ƙasa.

Ƙara yawansu

Wajen Mayu zuwa Yuni kwanson irin yake bushewa ya tsage, irin baƙi ne mai sheƙi. Sabo ake shuka shi nan take, in ya kwana biyu a aljihun tebur ya bushe sai ya yi nauyin barci, wani sai ya shekara bai tsiro ba. Ka shuka a tukunya, ka rufe da ɗan tsakuwa, ka ajiye a waje cikin inuwa ka manta da shi banda ruwa. Yana bukatar makonni na ɗumi sannan makonni na sanyi kafin ya fashe, shi yasa sai tsakiyar sanyi ko ƙarshensa zaka ga tsiro. Fure kuma sai bayan shekara 2 zuwa 3, kuma ba lallai ya ɗauko kalar uwar ba. In ka ƙyale su ma da kansu suke zuba su tsiro a gindi, tururuwa kuma tana jan irin zuwa wani wuri saboda ɗan maiƙon da yake jikinsa. Mai son kala iri ɗaya sak sai dai ya raba babbar hybridus gida biyu ko uku da wuƙa a Satumba, kowane kaso da saiwarsa da tohonsa, amma ya sani tana fushi in an taɓa ta, tana iya yin shekara bata yi fure ba.

Mu kuma na Bauchi da Gombe

Da na dawo gida ƙaiƙayin abin bai sake ni ba. Ɗanyar shuka da ƙasarta ba a shigo da ita ƙasa sai da takardar izini, don haka iri na nema. Na sa guda 20 cikin jiƙaƙƙen yashi a leda, wata biyu a ɗaki, sannan na tura firiji kusa da kayan miya, uwargida tana ta mita wai na mayar mata da firiji gona, ga wuta yau akwai gobe babu. Duk da haka biyar suka fasa. Na dasa su a tukunyar ƙasa a Nuwamba ƙarƙashin mangwaro, cikin hunturu wallahi har suka yi ganye uku-uku ina ta ɗaukar hoto. Ana shiga Maris suka tsaya, kafin ƙarshen Afrilu da zafi ya doshi digiri 40 ko ɗaya bata rage ba, duk da ruwa safe da yamma da jiƙaƙƙen buhu da nake naɗa wa tukunyar.

Lissafin a fili yake. Sanyin da muke kuka da shi a Janairu, wanda yake sa a hura wuta a ƙofar gida, da kyar yake sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 da dare, da rana kuma ya koma wajen 30. A wurin helebo wannan lokacin zafi ne. In mutum ya nace sai ya gwada to ya hau tudu, Jos da take sama da mita 1,200 ko Mambila a Taraba da ta fi ta tsawo, kuma ya fara da argutifolius tunda ita daga tsibiran Bahar Rum ta fito ta fi sanin rana. A cikin garin Bauchi ko Gombe kuwa asarar kuɗi ce kawai.

Abin da muke da shi mai irin wannan halin shi ne kariya, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi suke tsuga wa kuɗi yanzu alhali a ƙauyukanmu tana tsaye a bakin shinge ba mai kallonta. Ita ma lokacin da komai ya bushe ya yi fari da ƙura take fure, ruwan hoda mai haske a kan rassa tsirara ba ganye. Ita ma guba ce, da ruwanta maharba suke haɗa dafin kibiya a wurare da dama, don haka safar hannu da nesa da yara duk suna nan.

Rainonta kishiyar na helebo ne. Ka yanko reshe mai kauri kamar babban yatsa, tsawon taƙi ɗaya, wajen Fabrairu ko Maris, ka ajiye shi a inuwa kwana biyar zuwa sati bakin yankan ya bushe, in ka dasa shi ɗanye ruɓewa zai yi. Ƙasar rabi yashin rafi rabi ƙasar lambu, ka ƙara gutsattsarin gawayi, tukunya mai huji babba. Sati na farko ba ruwa, bayan nan kaɗan-kaɗan sai ƙasar ta bushe ƙarau kafin a ƙara. In ta kama ka fitar da ita rana sosai, inuwa tana hana ta fure. Mai son irin mai ƙaton gindin nan kamar tulu sai ya shuka daga iri, na reshe ba ya yin gindi sosai. A Agusta in ruwa ya yi yawa ka ɗaga tukunyar kan bulo ko ka jawo ta ƙarƙashin rumfa, yawancin waɗanda suka mutu a hannuna a watan nan suka mutu. Daga ƙarshen Oktoba ka janye mata ruwa, sau ɗaya cikin kwana goma ma ya isa, ganyen zai yi rawaya ya zube kar ka tsorata, in ka ci gaba da shayar da ita kullum ganye zata yi ta baka furen ya ƙi zuwa. Tawa guda uku suna kan dakalin da yake fuskantar gabas, na ɗaga su sama ne saboda awakin maƙwabta da suke shigowa in an bar ƙofa a buɗe.